Me Ya Sa Ka Miƙa Hannu? Darasi a Kan Taimakon Masu Sankarar Nono

 Darasinmu na wannan wata a kan bayarwa ne. A ƙasashe da yawa akwai ƙungiyoyi waɗanda aikinsu shi ne taimakon mata masu sankarar nono, watau cutar da waɗansu ke kira ciwon daji na mama. Kowace shekara cikin watan Oktoba su kan fito neman gudummawa. Mutane kuwa su kan ba da kuɗi, waɗansu su ba da lokacinsu da ƙarfinsu. Abin da za mu bincika shi ne, me ya ke sa mutum ya miƙa hannu ga irin wannan aiki? In ka tambayi mutum goma za ka ji amsa iri iri. Za mu ɗauki dalilai huɗu, mu duba su ta wurin labarin mutanen da aka sani, sa'an nan mu auna su, domin kowa ya gane abin da ke cikin zuciyarsa. Masu yin wannan darasi a taron zumuntar mata ko a ajin manya su fara karanta Markus 5:25-34 da Luka 10:30-37.

1. Cutar kanta

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Su kan ƙaru, su tsufa, su mutu bisa ga tsari. Sankara ita ce sa'ad da waɗansunsu suka bar tsarin, suka yi ta yaɗuwa ba tsayawa. A nono ta kan fara kamar ɗan kullutu mai tauri, sau da yawa kuwa ba ya zafi. In an bar ta, sai ta bi ta kaluluwar hammata, ta kai ga ƙashi, ko huhu, ko hanta. Ba a ɗaukarta daga wurin wani. Ba sammu ba ce, ba kuwa cizon jariri ke kawo ta ba. Maza ma su kan kamu, amma kaɗan ne, wajen ɗaya cikin ɗari na masu cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2022 an sami cutar a jikin mata miliyan 2 da dubu 300, ta kuma kashe 670,000. A Nijeriya lissafin shekarar nan ya nuna sababbin kamu fiye da 32,000, waɗanda suka mutu kuwa fiye da 16,000. Ita ce sankarar da ta fi kowace yawa a cikin matan ƙasarmu.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 100 da aka sami cutar a jikinsu, fiye da 90 suna nan da rai bayan shekara 5. A Indiya wajen 66 ne, a Afirka ta Kudu wajen 40. Cutar ɗaya ce, jikin mace ɗaya ne. Bambancin shi ne, a can a kan gane ta da wuri, a kuma yi magani har ƙarshe. A nan yawancin mata ba su isa asibiti sai cuta ta yi nisa, waɗanda suka isa kuma kuɗi ya kan ƙare musu a tsakiyar magani. Macen nan ta cikin Markus 5 ciwonta dabam ne, amma halinta ɗaya ne da nasu. Shekara 12 tana fama, ta kashe dukan abin da ta ke da shi wajen neman magani, ga kuma kunya ta hana ta fitowa fili. Wannan giɓi na rashin sani da rashin kuɗi shi ne ƙungiyoyin nan su ke ƙoƙarin cikewa.

2. Dalili na fari: baƙin ciki

Akwai wata mace a Amurka, sunanta Susan Komen, mutuniyar garin Peoria. Tana da shekara 33 aka sami sankara a nononta. Ta yi jinya shekara uku, ta rasu a 1980 tana da shekara 36. Kafin rasuwarta ƙanwarta Nancy Brinker ta yi mata alkawari za ta yi iyakar ƙoƙarinta domin a kawo ƙarshen wannan cuta. A lokacin nan ko a Amurka mutane da yawa suna jin nauyin ambatonta a fili.

A 1982 Nancy ta kafa ƙungiya da sunan yayarta a birnin Dalas. Jarinta dala 200 ne, da wani kwalin takalmi cike da sunayen mutanen da ta ke tsammani za su taimaka. A 1983 suka shirya tseren gudu na neman gudummawa, mutum 800 suka fito. Daga nan abu ya yi ta girma, har ƙungiyar ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a wannan aiki, tana biyan kuɗin binciken magani da na taimakon marasa lafiya. A 1984 aka sami cutar a jikin Nancy kanta, aka yi mata magani, ta rayu.

Yawancin masu bayarwa ta wannan ƙofa su ke shiga. Wani uwarsa ce, wani matarsa, wata kuma aminiyarta. Wannan dalili ba abin kunya ba ne, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda ya kwana a bakin gadon mai jinya ya san abin da waɗansu ba su sani ba. Amma ku lura da abu ɗaya. Ko kwabo ɗaya daga cikin kuɗin da Nancy ta tara bai amfani Susan ba, gama ta riga ta tafi. Dukansa ga 'yan'uwan waɗansu ya tafi. Baƙin ciki ya zama albarka sa'ad da ya fita daga ɗakin makoki ya shiga gidan maƙwabci. In ya tsaya ga tunawa da mamaci kaɗai, shekara biyu ko uku sai ya huce, hannu kuma ya koma aljihu.

3. Dalili na biyu: godiya

A 1997 wata mace a Ibadan, Betty Anyanwu-Akeredolu, ta ji kullutu a nononta. Ta tafi asibitin koyarwa na Ibadan, aka tabbatar sankara ce, aka yi mata aiki, ta warke. Cikin shekarar nan ta kafa ƙungiyar yaƙi da sankarar nono ta Nijeriya, wadda a ke kira BRECAN, domin ta faɗakar da mata. Daga baya mijinta ya zama gwamnan Jihar Ondo, amma ta fara aikin shekara 20 kafin wannan. Haka kuma a Amurka, Evelyn Lauder, wadda iyalinta ke da babban kamfanin kayan kwalliya, ta kamu a 1989, a 1993 kuwa ta kafa asusun biyan kuɗin binciken cutar.

Luka 17 ya ba mu labarin kutare goma da aka warkar, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya. Har yau haka abin ya ke. Mata da dama sun warke, amma sun ɓoye, ba su so a san an taɓa yi musu aiki. Ba mu ga laifinsu ba, gama bakin mutane yana da zafi. Duk da haka wadda ta warke tana riƙe da wata kyauta da ta fi kuɗi. A garuruwanmu mata da yawa sun gaskata cewa duk wadda aka yanke wa nono mutuwa za ta yi. Me ya sa suka gaskata haka? Domin waɗanda suka gani sun tafi asibiti ne bayan cuta ta riga ta bazu, suka mutu ba da daɗewa ba, sai aka ɗora wa wuƙar likita laifi. Ranar da mace mai rai ta tashi tsaye a gaban 'yan'uwanta ta ce, shekara kaza ke nan da aka yi mini aiki, ga ni ina noma, ina goyon jikoki, ranar nan tsoron mata ɗari ya kan karye. Godiyar da ta buɗe baki tana ceton rai.

4. Dalili na uku: tsoro

Akwai wata tsohuwa a jihar Kalifoniya, Charlotte Haley. Kakarta ta yi cutar, 'yar'uwarta ta yi, 'yarta ma ta yi. A 1991 ta fara naɗa 'yan siraran ƙyallaye a gidanta, launinsu tsakanin ja-ja da rawaya. Ta kan haɗa su da 'yar takarda mai nuna cewa kashi 5 kaɗai cikin ɗari na kuɗin hukumar binciken sankara ta ƙasarsu a ke kashewa wajen rigakafi, tana roƙon mutane su sa ƙyallen domin shugabanni su farka. Da hannunta ta ke rabawa, ba ta neman riba.

Wanda cuta ta shiga gidansa sau uku dole ya dubi 'ya'yansa mata da fargaba. Gaskiya ne, in uwa ko 'yar'uwa ta yi cutar, hatsarin mace ya kan ƙaru. Amma yawancin masu kamuwa ba su da kowa a danginsu da ya taɓa yi. Wajen rabinsu ba a ga wani dalili a gare su ba, sai dai su mata ne, shekarunsu kuma sun wuce 40. Saboda haka ba gidan da zai ce shi ya tsira.

Tsoro hanya biyu gare shi. Ya kan sa mutum ya ɓuya, ya kan kuma sa shi ya tashi. Na ga duka biyu cikin gida ɗaya. A wata ekklisiya da na yi hidima akwai wata uwar 'ya'ya biyar. Ta ji kullutu, ta yi shiru fiye da shekara, tana shafa magani a ɓoye, tana ɗaure ƙirji da zane. Maigidanta bai sani ba sai da wurin ya fashe ya zama gyambo. Ya sayar da shanun nomansa biyu ya kai ta babban asibiti, likitoci suka ce an makara. Muka binne ta kafin kaka, autanta bai shiga makaranta ba tukuna. Tsoro ne ya rufe bakinta. Amma babbar 'yarta, wadda ita ma tsoron ya kama, ta tafi aka duba ta, ta kuma zama ita ce mai tunasar da matan zumunta, mai raka su asibiti. Tun daga jana'izar nan ni ma na sa wannan aiki cikin abubuwan da na ke ba da kuɗina dominsu.

5. Dalili na huɗu: suna da riba

Labarin Charlotte Haley bai ƙare a nan ba. A 1992 wata mujallar mata ta Amurka da kamfanin su Evelyn Lauder suka so su yi aiki da ƙyallenta a dukan ƙasar. Tsohuwar ta ƙi, ta ce abin ya cika kama da ciniki. Sai suka sāke launi, suka zaɓi ruwan hoda, suka raba ƙyallaye miliyan 1 da rabi a kantuna cikin shekarar nan. Daga lokacin nan ƙyalle mai ruwan hoda ya bazu, har ya zama alamar cutar ko'ina a duniya.

Alheri mai yawa ya fito daga wannan, gama miliyoyin mata sun ji labarin cutar ta wurinsa. Amma da alamar ta yi farin jini, sai 'yan kasuwa iri iri suka fara manna ta a kayansu. Waɗansu suna ba da rabo na gaske daga ribarsu, waɗansu kuwa ɗan abin da su ke bayarwa bai kai kuɗin tallar da suka yi ba. Har mutanen Amurka da kansu suka fara gargaɗin juna, kafin ka sayi abu domin launinsa, ka tambaya nawa ne zai isa ga marasa lafiya.

Kada mu yi musu dariya, gama muna da namu. Wa bai taɓa zuwa taron neman gudummawa ba, inda a ke kiran suna da lasifika, mutum ya tashi ya yi alkawarin dubbai, a yi masa tafi, shekara ta kewayo ba a ga ko sisi ba? Cikin Matta 6 Ubangiji ya yi gargaɗi a kan sadakar da a ke yi domin idon mutane, ya nuna cewa yabon nan shi ne iyakar ladanta. Kuɗin mai neman suna, in ya biya, zai sayi magani kamar na kowa, mai jinya kuwa ba za ta tambayi zuciyarsa ba. Wahalar ita ce, wannan dalili ya kan mutu sa'ad da tafi ya tsaya. Jinyar sankara kuwa wata da watanni ce. Akwai aiki, akwai maganin da a ke sa wa ta jijiya sau da sau, akwai gashi da na'ura wadda sai a 'yan manyan asibitoci a ke samu, ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na masauki. A wata na biyar ba mai tafi a wurin.

6. Yadda za mu auna dalilinmu

Ba wanda zuciyarsa ke da dalili ɗaya tak. Baƙin ciki da tsoro da 'yar sha'awar yabo su kan gauraya cikin mutum ɗaya. Saboda haka kada wani ya ce sai zuciyarsa ta tsarkaka sarai tukuna zai bayar, gama mai ciwo ba za ta iya jira ba. Ka fara da dalilin da ka ke da shi, amma ka auna shi da mudu uku. Basamariyen nan na cikin Luka 10 shi ne misalinmu.

Mudu na fari: ko ya kai ga wadda ban sani ba? Mutumin da Basamariye ya tarar a hanya ba danginsa ba ne, mutanensu ma ba su ga maciji da juna. Sankara ba ta tambayar kabila ko addini. In hannunka yana buɗewa ga 'yar ekklisiyarku kaɗai, ya rufe ga maƙwabciyarka Musulma ko baƙuwa daga wata jiha, to, dalilinka bai gama girma ba.

Mudu na biyu: ko zai daɗe? Basamariye ya ɗaure raunuka, ya kai mutumin masauki, ya kwana yana jinyarsa. Kashegari ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa har ya komo. Watau ya yi tunanin ƙarshen jinya tun daga farkonta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani shiri a kan wannan cuta mai manufa uku: a gane aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana matakin farko, a gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kashi 80 cikin ɗari kuma su yi maganinsu har ƙarshe. Manufa ta ukun nan ita ce wurin da kuɗinmu ya fi amfani. Naira kaɗan kowane wata ta fi dubbai na rana ɗaya, gama da yayyafi kogi kan cika.

Mudu na uku: ko yana tambaya ina kuɗin ya tafi? Wanda ya bayar domin a gan shi, ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Wanda ya bayar domin mai ciwo zai so ya san ko ya isa gare ta. Sa'ad da Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe jakar shi kaɗai ba. Cikin 2 Korantiyawa 8 mun ga ya aiki Titus tare da waɗansu 'yan'uwa, ɗayansu ikkilisiyoyi ne suka zaɓe shi, domin kada a sami abin zargi. Haka nan kafin ka ba wata ƙungiya, ka tambaya: Tana da rajista? Su wa ke riƙe da kuɗin? Tana nuna lissafinta kowace shekara? Wane aiki ta yi bara, a wane gari, da wane asibiti? Ƙungiyar kirki ba ta fushi da irin waɗannan tambayoyi.

7. Abin da za mu yi

Bayarwa ta fari ita ce sani. Kowace mace ta san yadda nononta ya ke, domin ta gane in wani abu ya sāke. Alamun da za a kula da su ke nan: kullutu a nono ko a hammata, fata ta lotsa ko ta yi kauri, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa yana fita, gyambon da ya ƙi warkewa. Yawancin kullutu ba sankara ba ne, amma likita kaɗai zai iya rarrabewa, sau da yawa sai ya ɗebi ɗan nama an duba. Kada a jira zafi, kada kuma kunya ta hana, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu yi addu'a, mu kuma tafi asibiti cikin mako ɗaya.

Ku mazaje, sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunku su ke. Ka gaya wa matarka tun tana lafiya cewa in ta ga wani abu ta faɗa maka, ba kuwa za ka guje ta ba ko da an yi mata aiki. Maganar nan kaɗai ta isa ta ceci ranta wata rana.

Ku matan zumunta, ku gayyaci malamar asibiti ta zo ta koya muku. Ku ajiye ɗan asusu a hannun mutum biyu ko uku masu aminci, a riƙa karanta lissafinsa a gaban kowa. Wadda ba ta da kuɗi tana iya dafa tuwo ta kai wa 'ya'yan mai jinya, ko ta raka ta asibiti ta kwana tare da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa mata fiye da 90 cikin 100 su ke rayuwa a waɗansu ƙasashe, a waɗansu kuwa 40 kaɗai?
2. Cikin dalilai huɗun nan, wanne ya fi ƙarfi a zuciyarka? Ka auna shi da mudu ukun.
3. Charlotte Haley ta yi daidai da ta ƙi ba da ƙyallenta? Ku faɗi dalilanku.
4. Me ke hana matan garinku faɗin ciwonsu, me kuma mazaje za su yi a kai?
5. In wata a unguwarku ta kamu gobe, wa zai kai ta asibiti, wa zai biya kuɗin mota?

A rufe taro da addu'a domin masu jinya, da masu yi musu hidima, da marayun da cutar ta bari. Allah ya ba mu zuciyar da za ta fara alheri, ta kuma kai shi ƙarshe. Amin.